Kifin da Baba Ya Mayar Gulbi

Ku ukun nan, Nasiru da Balki da Auta, kun tashi kuna jin magana guda a bakin dangi: wai uwarku Hamsatu ce ta kori kakanku daga gidan nan na Gaya, ya koma Tunuga ya mutu da baƙin cikinta. Kun ji ta a gidan suna, kun ji ta a gidan biki. Na tuna shekarar da Balki ta dawo hutu daga Tunuga ta yi kwana biyu ba ta taɓa tuwon uwarta ba, ina kallo ban ce uffan ba. To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce tun ranar farko, don ina tsaye a wurin, kuma bakin da ya yi korar yana nan a fuskata, haƙoransa kawai suka ragu. Ba tausayinku nake nema ba, kada wanda ya kira ni a waya yana ba ni haƙuri. Sunan uwarku nake so in wanke kafin a tura mini ƙasa a ido.

Kun san ni ɗan Basarke ne, ko da yake ban taɓa son ku riƙa faɗa ba. Baba masunci ne, ubansa masunci, ba su san wata sana'a ba sai jirgi da birgi, wato ragar jefawa, da mamari mai jerin ƙugiyoyi. Ni kaɗai aka jefa lekol, wato makarantar boko, a gidanmu, kuma da na iya riƙe alƙalami sai na gudo Gaya na kama aikin takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar kan iyaka, ina fitar wa masu kamyo, manyan motocin nan, kayansu da suka taso daga Kwatano. Allah ya buɗa mini. Na je Makka, na gina gidan nan, na yi salo, wato falo, mai kujeru da labule har ƙasa, na fara zama da alhazan gari. Amma zama da su bai sa na zama nasu ba. Akwai Alhaji Badamasi, mai kamyo da yawa da baki mai kaifi, Allah ya jiƙansa in ya ga dama. Duk ranar da na shiga majalisa sai ya ɗaga hanci yana shinshina iska.

"Kai jama'a, yau an yi kamu ke nan? Af, ashe Idi ne ya shigo."

A yi dariya, ni ma in yi, har in fi kowa buɗe baki. In na dawo gida kuwa sai in tuɓe riga in shinshina ta. Turaren da na zuba wa jikina a shekarun nan, da ruwa ne da ya shayar da garka.

A shekarar da nake ba ku labari, inna ta riga ta rasu, gwiwoyin Baba kuma sun kumbura har ba ya iya tsayuwa cikin jirgi. Yayata Kulu, gwaggonku, ta aiko mini cewa in ina da sauran kunya in zo in ɗauki ubana. Na je na ɗauko shi. Bai zo da komai ba sai riguna biyu da buta da wani tsohon birginsa, wanda ya ce ko ba zai sake jefa shi ba, ba zai bar shi ga ɓeraye ba. Uwarku ce ta share masa ɗakin kusa da dogonyaro, ita ke dama masa kunu, ita ke gasa masa gwiwa da ruwan zafi, ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba sai a durƙushe. Shi kuma ɗiyata yake ce mata. Kuskure ɗaya ta yi, shi ma na ƴar birni ne da ba ta san ruwa ba. Wata rana ta ga birgin ya yi baƙi yana ƙarni, sai ta jiƙa shi cikin baho ta wanke shi tas da sabulu mai ƙamshi, ta shanya a igiya, tana jin ta yi abin kirki. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Ɗiyata, yanzu kifi zai ji ƙamshin amarya ya gudu. Amma Allah ya yi miki albarka."

Shi ke nan a wurinsa. Sai dai an yi rashin sa'a Kulu ta zo ganinsa ran nan, ta ga birgin ubanta a shanye yana ɗigar kumfa. Ta murguɗa baki ta adana abin a ranta.

Kifin kuwa daga Kwatano na kawo shi. Alhaji Badamasi yana da ɗawisu a gidansa, wani alhajin yana da barewa, ni ma ina neman abin da za a zo gidana a buɗe baki. Kusa da tashar jiragen ruwa na ga wani mutum yana sayar da kifaye masu rai cikin akwatunan gilashi. Ya nuna mini wasu biyu, kowanne ya kai tafin hannuna da yatsu, baƙaƙe masu zanen ja kamar garwashi, da manyan idanu da leɓe mai kauri. Ya ce sunansu oskar, daga wata ƙasa mai nisa ake kawo su, kuma waɗannan miji da mata ne. Na sayi akwatin, na sayi ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa, da duwatsu farare da ciyawar roba. Na zauna gaban kamyo tun daga Kwatano har Gaya ina rungume da jarkar kifi. Ɗan masunci, wanda ya gudu daga kifin da Allah ya ba shi kyauta a ƙofar gida, ga shi ya ɗauko na wata ƙasa a cinya. Ko a lokacin ban ga abin dariya a ciki ba.

Da aka kafa akwatin a salo, na kira Baba ya gani. Ya dogara sandarsa, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai karfasa ce ta sa rigar biki."

Na ce masa ba karfasa ba ce, oskar ne.

"Ko me sunansa, dangin karfasa ne, dubi ƙayar bayansa. Kuma dukansu maza ne. Ka raba su."

Na ce mai sayarwa ya tabbatar mini miji da mata ne.

"Mai sayarwar ya taɓa shiga ruwa ya wuce idon sawu? Idi, namijin karfasa in ya haƙa gurbinsa, ko ɗan'uwansa ba ya bari ya gifta. A gulbi in sun kama, wanda aka fi ƙarfi sai ya juya ya gudu, faɗa ya ƙare, kowa ya kwana da ransa. A nan ina zai gudu?"

Ban raba su ba. Ina da takardar lekol, ina da buro, ofis nawa na kaina, tsoho mai sanda zai koya mini kifin Turawa? Kwana uku suna zagaya juna lafiya, na ce ka gani. A na huɗu babban ya fara kwashe duwatsu da baki yana tarawa gefe guda, ya share wani wuri ya tsaya a kai. Da ɗayan ya matso sai ya buɗe kumatu, launinsa ya ƙara duhu, suka haɗa baki da baki suna tura juna har ruwa na fantsama kan kafet. Daga nan ƙaramin bai sake samun sukuni ba. Ya koma can ƙuryar sama ya maƙale kusa da igiyar inji, fukafukansa sun yage, ɓawon jikinsa na zuba, in ya sauko neman abinci a bi shi da cizo. Ina kallo ina cewa wasan miji da mata ne. Ran na tara da safe na same shi yana yawo a kan ruwa, ciki sama. Baba ne ya sa hannu ya fitar da shi, bai ko dube ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wanda ya rage alhazai suka raɗa masa Kumandan, kuma sunan ya bi shi. Ban taɓa ganin halitta mai baƙar zuciya irinsa ba. In na dasa ciyawar roba da safe, kafin azahar ya tumɓuke ta. In na jera duwatsu, ya kwashe ya watsar yadda yake so. In ya ga inuwar kansa a gilashi, ya kai mata duka har ka ji ƙum. Ran da na sa hannu zan gyara inji ya kama mini yatsa, sai da jini ya fito. In an canja masa ruwa kuma sai ya yi fushi, ya kwanta a gefe guda a ƙasa kamar matacce, ya ƙi cin abinci kwana biyu. Ya yi ta girma har ya kusa kai tsawon damtsena. Ni kuwa wannan mugun halin nasa shi nake taƙama da shi, shi nake kiran mutane su gani.

Da farko Baba bai cika shiga salo ba, ya ce ba ya son ganin ɗaurarre. Bazara ce ta shigar da shi. Kun san zafin Gaya, kun san kuma yadda kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa. Wata rana da tsakar rana wuta ta tafi, inji ya tsaya, ruwan ya yi ɗumi, Kumandan ya taso sama yana haki. Ina bakin gada ban sani ba. Uwarku ta ruga ta gaya wa Baba. Ya ce ta ba shi ludayi da ruwan randa. Ya jawo kujera ya zauna, ya riƙa ɗibar ruwan akwatin yana ɗagawa sama yana tsiyayo shi, ya ɗiba ya tsiyayo, yana ƙara na randa kaɗan kaɗan, tun azahar har bayan la'asar da wuta ta dawo. Da na shigo na same shi rigarsa sharkaf da zufa, kifin kuma ya koma ƙasa yana numfashi daidai.

Tun daga ran nan suka ƙulla. Baba ya hana a ba shi abincin gwangwani da na sayo, ya ce wannan tsakin kaji ne. Da sanyin safiya zai ja gwiwa zuwa bayan randuna ya tono tana, ko ya kamo fara a gindin dogonyaro. Kifin da ya fasa mini yatsa sai ga shi yana karɓar tana daga yatsun Baba a hankali, har yana bari a shafa masa gefe. In ya hango farar hular Baba daga ƙofa sai ya taso yana kaɗa jiki a jikin gilashi. In ni ne na shigo, ni da na rungumo shi daga Kwatano, sai ya buɗe mini kumatu. Baba yakan zauna gabansa awa guda yana yi masa hira, yana ba shi labarin ambaliya da dorinar ruwa da mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Tsohon da ya zo gidana yana zaman jiran mutuwa sai ga shi yana dariya, yana cin tuwo har da neman ƙari. Ya kamata in yi murna. Kishi na yi, kuma ku rubuta wannan ku ajiye: ubanku ya yi kishin kifi.

Akwai wata ƙa'ida ta gidanmu da na sani tun ina yawo ba wando. In ruwa ya janye bayan ambaliya, kifaye kan maƙale a ƙananan kududdufai. Manyan mu kama, ƙananan kuwa Baba yakan sa mu kwashe su a ƙwarya mu mayar gulbi. Wani lokaci yara mukan ɓoye ɗaya a tsohuwar tukunya muna ba shi dusa. In Baba ya gano, ba ya duka, amma kifin nan ya haramta ga tukunyar miya har abada. Yakan ce masunci yana kashe kifi dubu don ya ci, ba laifi, amma kifin da ya ci a hannunka ya shiga amanarka: ba ka cinsa, ba ka sayar da shi, ba ka tsayawa a cuce shi kana kallo. In ba za ka iya riƙe shi ba, ka mayar wa ruwa abinsa. Ban manta da wannan ba ko kwana ɗaya. Kada wani ya ce muku ban sani ba.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci, alhazai kan taru a salona a ci abinci a sha shayi. Wasansu shi ne tsokanar Kumandan. Wannan ya ƙwanƙwasa gilashi da zobe, wancan ya kara masa madubi ya yi ta dukan kansa, wani ya zo da ƴan ƙananan kifaye masu rai a leda a jefa masa, a yi ta shewa yana haɗiye su. In sun fara, Baba sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Ana nan sai Alhaji Badamasi ya sa aka kawo masa nasa kifin daga Kwatano, wani ja mai ƙullutu a goshi, ya ce ya riga ya kashe abokan zamansa uku.

"Idi, Juma'a mai zuwa zan kawo nawa mu zuba su wuri guda. A yi dambe, mu ga na ɗan masunta ko na ɗan kasuwa."

Ban ko haɗiye yawu ba na ce na yarda. A raina na ce ga ranar da zan rufe bakin mutumin nan.

Ran Alhamis da la'asar ina zaune a tsakar gida, Baba ya jawo tabarmarsa kusa da ni. Bai saba neman abu a wurina ba, ko goro.

"Na ji abin da kuka shirya. Kada ka yi."

Na ce Baba wasa ne kawai, kuma namu ne zai yi nasara.

"In ya yi nasara ya kashe, in bai yi ba a kashe shi, kuna zaune kuna shan shayi. Ka ga yadda na farko ya mutu. Wannan ya ci a hannuna, Idi. Ka san abin da nake nufi."

Na ce na riga na ba da baki a gaban mutane, ba zan janye ba. Ya dube ni ya ce to, ya naɗe tabarmarsa. Bayan ya tashi uwarku ta zo ta durƙusa.

"Alhaji, don Allah ka bar maganar nan. Tsohon nan ba shi da abokin hira sai kifin nan. Ka ce musu ba shi da lafiya mana."

Na daka mata tsawa, na ce yaushe mata suka fara sa baki a maganar majalisa. Ta tashi ta koma madafa.

Ran Juma'a na fita buro da sassafe, daga can na wuce masallaci. Na duba sahun da Baba ke zama ban gan shi ba, na ce gwiwa ce. Muka taho gida mu wajen takwas, direban Alhaji Badamasi na biye da baho a rufe da kifinsu a ciki, ana ta barkwanci. Na ɗaga labulen salo. Inji na ta hura iska, duwatsu na nan a tare gefe guda, akwati ba kowa. Na duba ƙasa, na duba bayan kujeru ko ya yi tsalle ya faɗo. Ina cikin haka sai ga sallamar Baba. Yana tsaye a ƙofa, sanda a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan, wandonsa jiƙe har gwiwa, ƙafafunsa duk laka. Daga baya na ji cewa da hantsi ya roƙi uwarku bokiti da tsumma, ta ba shi, ta kuma san abin da zai yi. Da gwiwoyin nan nasa ya taka har bakin gulbi, yana tafiya yana hutawa, bai yarda kowa ya karɓar masa ba.

Na ce, Baba, ina kifina?

"Na mayar wa ruwa abinsa."

Alhaji Badamasi ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Wane ruwa! An dai soya Kumandan. Haba Idi, ka ajiye kifi gida guda da masunci? Ai mai hali ba ya barin halinsa."

Duk salo ya ɗauka. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Maimakon in juya kan wanda ya zagi ubana a cikin gidana, sai na juya kan uban. Ga abin da na faɗa, ban rage ba ban ƙara ba, don kullum sai na ji shi a kunnena:

"Tun ina yaro nake wanke ƙarnin Tunuga daga jikina, ka biyo ni da shi har cikin salo. Dubi ƙafarka a kan kafet! Nan ba bakin gulbi ba ne, nan gidana ne."

Dariya ta tsaya cak. Shi kansa Badamasi sai da ya ce subhanallahi. Baba ya dubi ƙafafunsa, ya ja da baya ya sauka daga kan kafet ɗin. Ya ajiye bokitin a hankali a bakin ƙofa.

"Gidanka ne, gaskiya ka faɗa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya juya. A bayan labule uwarku na tsaye da tiren abinci, ta ji komai. Alhazai suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa shinkafar, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar a gari. Maza mun iya rufa wa juna asiri in abin kunyar na namiji ne.

Magana zarar bunu ce, na sani, amma da na bi shi ɗaki a ranar na kama ƙafarsa, da ya yafe, don Baba ba mai riƙo ba ne. Ban je ba. Na ce shi ya fara kunyata ni. Washegari da safe ina kwance ina jin motsinsa yana ɗaure kaya, ina jin uwarku tana kuka tana roƙonsa, tana cewa Baba ka dube ni, ka dubi jikokinka. Na ji ya ce mata, ɗiyata, ba ke ba ce. Na ji ta zo ƙofar ɗakina ta kira ni sau uku. Na juya fuska bango na yi kamar mai barci. Da ta ga ba zan fito ba, kuma ba za ta bar tsoho ya ɗauki kaya da sanda ba, sai ta aza birgin da ƙullin rigunansa a ka, ta raka shi har tashar motar Tunuga. Rabin unguwa sun gan ta, tana gaba da kayan tsoho a ka, shi yana biye yana ɗingishi. Abin da ido ya gani ke nan, kuma shi baki ya ɗauka.

A Tunuga Baba bai gaya wa kowa dalili ba, sai ya ce zaman birni ne bai karɓe shi ba. Kulu kuwa ta haɗa birgin da aka wanke da sabulu da kayan da aka kai tasha, ta gama shari'arta. Bayan mako guda ta sauka a gidan nan ko sallama babu. Ta tsaya a tsakar gida tana zage uwarku, maƙwabta na leƙe ta katanga.

"Ƴar birni mai ƙyamar talaka! Ubanmu ne ke miki wari? Da kuɗin ɗan masuncin kike sa leshi, munafuka!"

Ina zaune a salo, tsakanina da su labule ne kawai. Taku biyar zan yi in ce, Yaya, ni ne. Na ƙara muryar rediyo. Uwarku ba ta mayar mata ko kalma ɗaya ba. Da Kulu ta tafi ta shigo ta tsaya a kaina, idonta jawur.

"Alhaji, ka ji?"

Na ce maganar mata ce, za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Na yi ta cewa zan je Tunuga in ba Baba haƙuri, in an yi salla, in ruwa ya ɗauke, in aiki ya yi sauƙi. Tunuga da ke nan kusa, wadda mai babur ke zuwa ya dawo kafin azahar! Na aika shinkafa da sukari, ya karɓa ya rabar wa maƙwabta. Wata bakwai da tafiyarsa, ina Kwatano, aka kira ni. Kafin in iso an rufe shi. Kulu ta ce mini da zai cika ya ce a gai da ɗiyarsa Hamsatu, a ce mata Allah ya yi mata albarka.

"Ka ga halin Baba, har ya mutu yana yafe wa wadda ta wulaƙanta shi."

Na tambaye ta ko ya ambace ni. Ta yi tunani ta ce a'a, ai kai ba ka yi masa komai ba.

Kumandan kuwa ban san ƙarshensa ba. Wani malamin gona ya taɓa ce mini ba a sakin baƙon kifi a gulbi, yana iya ɓata na gida, ko kuma giwan ruwa ya haɗiye shi a ranar. Wataƙila haka ne. Baba bai san wannan ba, abin da ya sani shi ya yi. Akwatin kuma kun san shi, shi ne wanda uwarku ta riƙa zuba albasa a ciki har ya tsage.

Shekara ashirin da wani abu matar nan tana zuwa Tunuga kowane suna da kowace rasuwa, don kada a ce ta raba ku da danginku. A ba ta tabarma can gefe. In ta kai abinci a dawo mata da kwanonta yadda ta kai shi. Ta dawo gida ta wanke kwanon ta kife. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin halin tambayarta me ya hana ta faɗin gaskiya, lokacin Auta na goye.

"In faɗa a ce me? Ni suruka ce, in an zage ni an zagi baƙuwa. Kai in aka ji ka faɗa wa ubanka haka, ƴaƴana za a riƙa nunawa, a ce ga jinin wanda ya kori ubansa. Wa zai ba Nasiru mata? Ni dai na ɗauka cewa wata rana kai za ka faɗa da bakinka."

Na ce zan faɗa. Ta ce Allah ya nuna mana, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Nasiru, kai ne babba. Ka ɗauki takardun nan ka je Tunuga tun gwaggonku na da rai, ka tara duk wanda ya taɓa mayar wa uwarku kwano, ka karanta musu. Ka ɗaga murya, kunnen Kulu ya yi nauyi. Kada ka tsallake maganar kafet. Za ku ce me ya hana ni zuwa da kaina, ga ƙafa ga mota. Abin da ya hana ni shi ne na gwada bakina na ƙarshe bara, na ga iyakarsa.

Ran sadakar uku ta uwarku, na shiga cikin gida mata su yi mini gaisuwa. Tsakar gida cike, har bakin madafa. Aka kamo Kulu, ta tsufa tukuf, aka zaunar da ita kusa da ni. Ta kama hannuna ta yi kuka na gaskiya, don duk da komai tare suka tsufa. Sannan ta ɗaga hannu sama ta yi addu'a da ƙarfi, yadda kurame ke yi.

"Allah ya jiƙan Hamsatu. Allah ya yafe mata abin da ta yi wa Baba."

Wuri ya yi tsit, ana jiran mai gida ya amsa. Makarar da aka ɗauke ta a kai tana jingine a zaure, ko masallaci ba a mayar da ita ba. Ba sauran Badamasi, ba sauran majalisa, kun yi aure dukanku, ba abin da zan rasa a duniya. Balki, kina zaune a bakin ƙofa, kin dube ni, kin ji abin da ya fito.

Na ce amin.